Wuƙar da aka ce ganimar Burmi ce

Wuƙar dai ba wata babba ba ce, irin mai naɗewan nan ce ta aljihu, in an naɗe ta tsawonta santimita 9 da rabi. Mariƙinta baƙi ne mai zanen gida-gida ƙanana yadda ba za ta sulɓe a hannu ba ko da gumi, ruwanta ɗaya ne babba mai miƙaƙƙen baki wanda yawan wasawa ya cinye kusan sulusinsa, a gefensa akwai wani ƙarfe na biyu a kwance da tsatsa ta kama shi gam har ba wanda ya san kamanninsa cikin 'yan gidan da ke nan, a bayanta wani tsinken ƙarfe mai kauri mai ɗan lanƙwasa, sai ɗan harshe a kai na kwance sukuru, sai zobe a gindi na ratayewa a igiya. Abin da aka kawo min kenan a naɗe cikin tsumma.

Masu ita wa da ƙane ne, 'yan Mai Wurno ta jihar Sinnar a ƙasar Sudan. Babban maƙwabcina ne a nan Jidda, ya daɗe yana tuƙin motar kaya, shi kuma ƙanen bayan ɓarkewar yaƙi ya zo, yaƙin nan da ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023, da faɗa ya iso yankinsu a tsakiyar 2024 suka kwashi iyali zuwa Gadarif daga can Kasala, daga baya ya biyo jirgin ruwa daga Sawakin wuƙar tana ƙasan akwatinsa cikin kaya. Abin da suka taso suka ji a gida shi ne "wuƙar Malam ce", kuma Malam a wurinsu mutum ɗaya ne tak, kakan babansu da ya baro ƙasar Sakkwato a 1903 cikin ayarin Sarkin Musulmi Attahiru bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato, ya ga Burmi da idonsa a watan Yulin shekarar inda aka kashe Sarkin Musulmi, Allah ya tsirar da shi ya bi Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin kogin Nilu inda aka kafa garin. Wai a ranar Burmi ɗin ne ya samu wuƙar a jikin wani soja da ya faɗi. Ganima kenan.

Toh wani dillali a haraj, wato kasuwar gwanjo ta nan Jidda, ya gan ta, yace in dai za su rubuta wannan labari a takarda su sa hannu to yana da mutum mai tara kayan tarihi da zai ba da riyal 4,000. Kuma wallahi ba mai ganin laifin babban da ya so sayarwa, hayar ɗakuna a Kasala tana wuyansa, ga tsofaffi masu shan maganin suga da na hawan jini, ga yara da suka yi shekara ba makaranta, shi kaɗai ke da albashi tsayayye a dangin. Ƙanen yace sam, bai ratsa da ita duk wannan hanya don a kai ta haraj ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai suka zo wurina, babban yana so in duba in zama na uku a sa hannu, ƙanen kuma ina ganin yana fata ne in faɗi wani abu da zai hana cinikin ko ma mene ne.

Ni sana'ata gyaran agogo, wuƙaƙen aljihu kuwa sha'awa ce da ta shige ni tun ina yaro ina ganinsu a hannun alhazai, musamman tsofaffin da ke zuwa da 'yan kaya su sayar su ƙara guzuri. Ta haka na san Okapi mai zoben nan da aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwar Afirka kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, na san Douk-Douk ta Faransa da alhazan Aljeriya da Nijar ke zuwa da ita, wadda ake yi tun 1929, da Opinel mai mariƙin itace. Madubin ido da nake duba cikin agogo da shi, shi nake duba tambarin wuƙa da shi, da man keke da haƙuri, kayan aikin kenan ba wani abu.

Ban yi saurin ƙaryata labarin ba kuma ba na so kowa ya riƙa yin haka. Akwai masu jin an ce kayan Turai a hannun Bahaushen 1903 sai su yi dariya, alhali ƙarfen Turai ya daɗe yana shigowa ƙasar Hausa ta hanyar ayarin Tarabulus, Bajamushen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar da ruwan takubban Solingen a kasuwa ana musu ƙota da kube a nan gida. Kuma Burmi faɗa aka yi na gaske gaba da gaba, har babban hafsan da ya jagoranci harin, Manjo Marsh, a nan ya mutu. Ke nan a ce wani ya tsinci wuƙar soja a wannan rana ba abu ne da hankali zai ƙi ba. Tambayar kawai ita ce shin WANNAN wuƙar da ke kan teburina tana duniya a 1903 ko babu ita.

Na fara da gindin ruwa, wurin nan mai kauri da ke kusa da ƙusar da ruwan ke juyawa a kai, nan ne maƙeran Turai ke buga sunansu kuma nan ne dutsen wasa ba ya kaiwa sosai. Da na goge da tsumma da ɗigon mai sai ga ragowar rubutu, RODG da wasu haruffa da suka shuɗe, ƙasa SHEFFIELD, ƙasa ENGLAND, sai alamar tauraro da kuros a gefe da ƙyar ake ganinsu. Wannan ba shi da wahala, Joseph Rodgers & Sons ne na garin Shefild a Ingila, gidan da ke lamba 6 titin Norfolk, tambarin nan na tauraro da kuros tun 1682 aka fara ba da shi, su kuma suka yi masa rajista da sunansu a 1764. Ashe dillalin ma ya ga wannan, kuma a kansa ya gina maganarsa duka, yace musu kamfani ne da ya haura shekara 250 saboda haka wuƙar ta isa ta ga Burmi har da abin da ya gabaci Burmi. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Tsufan kamfani daban tsufan wuƙa daban, Rodgers sun yi ta buga wannan tambari ɗaya a zamanin Sarauniya Biktoriya, sun buga shi a yaƙin duniya na farko da na biyu, sun haɗe da Wostenholm masu tambarin I*XL a 1971, yau ma in ka nema za ka samu sabuwar wuƙa fil mai wannan suna. Tambarin ya gaya maka gidan da ta fito ne kawai.

Kalmar ENGLAND ta ɗan taimaka amma ba yadda nake so ba. Dokar harajin Amurka ta 1890 ce ta tilasta a riƙa rubuta sunan ƙasa a kan kayan da za a shigar can, daga 1891 maƙeran Shefild suka riƙa ƙara ta, shi ya sa masu tara wuƙaƙe ke ɗaukar mai ENGLAND a matsayin ta bayan 1890. To 1903 ai tana bayan 1890, labarin gidan yana nan daram. Ƙarfen ma bai raba gardama ba, da a ce mara tsatsa ne da magana ta ƙare nan take don sai a 1913 Harry Brearley ya fito da shi a Shefild ɗin, amma wannan baƙin ƙarfe ne mai cin tsatsa irin wanda aka yi amfani da shi kafin 1903 da bayanta duka. Har zuwa nan babban yana ta murmushi yana cewa ka gani ko malam, ai na gaya maka.

Inda abin ya fara juyawa shi ne girma da mariƙi. Wuƙar da sojan Ingila ya riƙe a yaƙin duniya na farko, samfurin 1905 da masu tarawa ke kira 6353, ƙatuwa ce, a naɗe ta kusa santimita 12 da rabi, ruwanta mai tsini ne kamar mashi, mariƙinta ƙaho ne da aka yi wa zanen gida-gida, zobenta jan ƙarfe. Wajen 1939 aka rage ta aka fito da 'yar ƙaramar da ba ta kai santimita 10 ba, mai ruwa miƙaƙƙen baki da bayansa ke gangarowa ya haɗu da kaifi, mai baƙin mariƙin roba da ake kira Bexoid, da mabuɗin gwangwani da harshen sukuru, wasu da tsinken kwance igiya wasu babu. Duk wanda ya taɓa riƙe su biyun ba zai haɗa su ba ko a duhu. Ta teburina kuwa komai nata na ta biyun ne.

Babban yace ai mariƙin ƙaho ne, haka aka gaya musu, ƙahon ɓauna. Na ba shi madubin ido nace Yaya duba da kanka. Ƙaho yana da jijiya, in ka duba gefensa za ka ga sawu-sawu a jere, yana daddarewa ya ɓare falle-falle in ya tsufa, ƙwari suna huda shi, kuma zanen da aka yanka a jikinsa ba ya zuwa daidai wa daida ko'ina. Wannan kuwa gidajen duk girmansu ɗaya, zurfinsu ɗaya, zubi ne aka yi, ya ɗan tsuke ya janye daga bakin ƙarfe kamar yadda tsohuwar roba ke yi, in ka murza shi da yatsa ya ɗumama ka kai hanci za ka ji ɗan tsami-tsami irin na khal, wanda shi ne warin wannan nau'in roba in ta fara gajiya. Ƙanen ya kawo shawarar a gasa allura a soka a ji ko zai yi ƙaurin gashi, don haka ake gwada ƙaho. Na hana. Gwajin yana aiki amma yana barin rami har abada, kuma in aka yi rashin sa'a mariƙin irin tsohuwar robar nan ce seluloyid to wuta take kamawa fuu. Dan Allah masu tsofaffin wuƙaƙe a gida a daina wannan.

A nan zan ɗan tsaya don kada wani ya ɗauki magana ba daidai ba. Ba wai babu roba a duniya a 1903 ba, seluloyid tana nan tun wajen 1870 ana mariƙin wuƙa da matsefi da ita. Ganin roba kaɗai ba ya kashe zance. Abin da ke kashe shi shi ne haɗuwar abubuwan, wannan tsawo da wannan siffar ruwa da wannan zubin mariƙi da zoben baƙin ƙarfe maimakon jan ƙarfe, duk a jikin wuƙa ɗaya.

Duk da haka na san ba za su natsu da siffa ba, mutum ba ya sakin labarin kakansa don an ce masa tsawon ya gaza da santimita 3. Sai a buɗe ƙarfen nan na biyu, don a irin waɗannan wuƙaƙe yawanci a jikin mabuɗin gwangwanin ake buga shekara da alamar gwamnati. Babban yace a kai wa mai giranda a kan titi ya share tsatsar cikin minti biyu ko a sa filaya a fizgo, kuma gaskiya a nan na ɗaga murya, nace in za a yi haka a ɗauke ta daga shagona yanzu. Giranda da samfefa su ne manyan maƙiyan tsohuwar wuƙa, na ga wuƙaƙe masu kyau da aka goge har suna ƙyalli aka tafi da rubutun da shekarar da komai, aka bar ƙarfe tsirara da ba ya iya gaya wa kowa komai, fizga da ƙarfi kuma sifirin ɗin baya yake karyawa kuma ba a samun madadinsa. Abin da na yi shi ne ɗiga man keke a gaɓar safe da yamma, ina kare mariƙin kada ya jiƙe, ina sakace datti da tsinken sakace da tsohon burushin haƙori, ina ɗan motsa ƙarfen da ɗan itace kaɗan-kaɗan ba tilas, in ya ƙi in bar shi sai gobe. Datti ya yi ta fita baƙi ƙirin, har da zare da wani abu kamar busasshen ƙullun goro. Ranar da ya saki sai da na kira su duka biyun kafin in ƙarasa buɗewa, ba na so a ce na ga wani abu ni kaɗai.

Da ya miƙe, gefen da ke ciki ya fi ko'ina lafiya a wuƙar don shekara da shekaru a rufe yake. Ga kibiyar nan mai ƙafa uku ɓaro-ɓaro, alamar kayan gwamnatin Ingila da ake bugawa a kan bindiga da bargo da akwatin harsashi. Ga sunan kamfani ya sake fitowa. A ƙasa kuma 1, 9, 4, sai lamba ta huɗu da ramin tsatsa ya ci samanta, ƙasanta a shimfiɗe yake wanda ya fi kama da 2. Ni 1942 nake karantawa, in wani yace 1943 ba zan yi rantsuwa ba, amma ukun farko ko makaho ya shafa.

Shagon ya yi tsit. Can babban yace, to in wani ne ya canja wannan ƙarfen daga baya fa, wuƙar Malam ta lalace aka sa mata sabon mabuɗi? Tambaya ce mai kyau ƙwarai kuma ana yin hakan, ana ɗaukar ruwan wata wuƙa a dasa a gangar wata. Amma dashe yana barin tabo. Sai an cire ƙusa an sa wata, kan sabuwar ƙusa ba ya kwanciya kamar na masana'anta, za ka ga sawun guduma a kewaye, launinta ya bambanta da na 'yan uwanta, mabuɗin ba ya zama daidai a gurbinsa. Na nuna masa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, duk tsufansu ɗaya ba wadda aka taɓa. Sannan ko da an canja mabuɗin ai gangar jikin ma ta 1939 zuwa sama ce, ba yadda za a yi ka dasa kai a jikin da ba a haifa ba tukun.

Na kuma duba ɗaya ɓangaren, ko jabu ce ma gaba ɗaya. Sojan Beljiyam sun yi irin wannan wuƙa sak a 1950 da 1951 masu rubutun ABL, suna da yawa a kasuwa kuma wasu na sayar da su da sunan na yaƙin duniya, akwai kuma sababbi da ake jiƙawa a ruwan batir ko gishiri su yi tsatsar ƙarya a zana musu tambari da na'ura. Tambarin gaske bugu ne, ƙarfen yana ɗan tasowa a bakin harafi, wani harafin ya fi wani zurfi, tsatsar cikin harafi da ta wajensa iri ɗaya ce. Na wannan bugu ne. Wuƙar sojan Ingila ce ta gaske ta yaƙin duniya na biyu, an ƙera ta kusan shekara 40 bayan Burmi.

Babban ya miƙe yace shi ke nan an mai da kakanninsu maƙaryata. Maganar ta taɓa ni sosai. Nace Yaya ba wanda yace Malam bai je Burmi ba, ba wanda yace bai yi hijira ba, garin Mai Wurno kansa shaida ne, wuƙa ce kawai ta faɗi shekararta, kuma tunda ta faɗa sai mu tambaya wa ke da shekarun riƙe ta a 1942. Don in ka duba, Sudan a waɗannan shekaru cike take da sojan Ingila da kayansu. Italiya ta kama Kasala ranar 4 ga Yuli 1940, aka tara runduna ta 4 da ta 5 ta Indiya da dakarun Sudan aka karɓe ta a Janairun 1941, aka wuce Iritiriya aka yi gumurzun Keren a Fabrairu da Maris, kuma abincin wannan runduna da harsashinta da yawa ta tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan da layin dogo yake bi, layin da ya iso Kasala a 1924 ya wuce Gadarif ya haɗe da Sinnar a 1929. Ga kuma jiragen sama da ake haɗawa a Takoradi su biyo ta Kano da Maiduguri da Jinaina da Fashir zuwa Khartum su wuce Masar. Waye ke dako a tasha, waye ke sauke buhu a jirgin ƙasa, waye ke gyaran hanya? Mutanenmu suna ciki tsundum, kamar yadda suke cikin gonakin audugar Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925. Kuma sojan Ingila bai bar ƙasar ba sai dab da samun 'yanci a 1956, kayansu sun daɗe suna yawo a kasuwa.

Ƙanen ne yace a tambayi Goggo. Ƙanwar babansu ce, ta haura 85, tana Kasala cikin waɗanda aka kwasa, idonta ya yi rauni amma kanta garau. Abin mamaki duk tsawon rigimar nan ba wanda ya tuna da ita, ana ta zancen tarihi tsakanin maza da dillali. Aka tura hoto ta WhatsApp wa jikarta, hoton wuƙar da mabuɗin a buɗe, aka ce a kwatanta mata. Washegari saƙon murya ya shigo mai tsawo, ƙanen ya kunna mana a shago. Bayan gaisuwa da addu'o'i da tambayar kowa da kowa sai tace, "Yaran nan, ai wannan wuƙar Yaya ce, babanku. Mai ƙugiyar fasa gwangwani ko? Da ita ya dawo daga aikin tasha lokacin yaƙin Taliya, ina 'yar ƙarama, ya zo da bargo mai kauri da gwangwanayen nama, ya zauna a tsakar gida yana fasawa da ƙugiyar muna kewaye da shi, Inna ta hana mu ci tace ba a san yankan waye ba. Kullum tana rataye a ƙugunsa da igiya, da ita yake fiƙe alƙalami."

Aka sake tura mata tambaya, Goggo to me ya sa ake cewa ta Malam ce? Tace to da wa za a ce? Ai sunan Malam Babba aka sa masa, shi ya sa iyayensu ba sa kiran sunan, tun yana cikin zani ake ce masa Malam, har ya girma ya zama malamin allo na gaske sunan ya zauna.

Kun ga inda zaren ya harɗe. Mutum biyu ne masu suna ɗaya da laƙabi ɗaya a gida ɗaya, kaka da jika. Baban nasu ya yi aure a makare kuma ya rasu suna ƙanana, babban yana ɗan tuna fuskarsa, ƙanen ko wannan babu. Wuƙar ta koma hannun baffansu, yana cewa wuƙar Malam yana nufin ɗan'uwansa, yara kuma suna jin labarin Malam na Burmi kullum a bakin tsofaffi sai suka haɗa biyun, wani ya ga siffarta yace ai ta soja ce, daga nan zancen ganima ya tsiro da kansa don a ina kuma Malam zai haɗu da soja in ba a Burmi ba. Ba wanda ya zauna ya ƙirƙiri ƙarya. Ni na yarda da Goggo don maganarta ta zo daidai da abin da ƙarfen ya nuna ba tare da ta san me ƙarfen ya nuna ba, ba a gaya mata shekarar ba, ita ta kawo yaƙin Taliya da kanta, kuma ta san aikin ƙugiyar da 'yan gidan nan ba su taɓa ganinta a buɗe ba. Irin wannan haɗuwa ta baki da ƙarfe ita nake nema a duk wuƙar da aka kawo min kuma ba kasafai ake samunta ba, yawanci tsohon da ya sani ya riga ya tafi kafin a tuna a tambaye shi.

Saura batun kuɗi, kuma ban ɓoye musu ba. Irin wannan wuƙa an ƙera ta da yawan gaske, kamfanonin Shefild da dama suka yi ta wa gwamnati, Rodgers da Wostenholm da Taylor masu tambarin ido da Richards da sauransu, a kasuwannin intanet na Ingila fam 'yan gomomi ake sayar da mai lafiya, wannan kuwa ruwanta ya cinye, sifirinta ya yi sanyi. Riyal 4,000 ɗin nan kuɗin labarin ne da sa hannunsu. Da babban ya koma ya gaya wa dillalin abin da aka gani sai cewa ya yi a mayar da mabuɗin a rufe, ko a ɗan goge lambobin, mai saye ba zai duba ba. Wannan kam na gaya wa Yaya ra'ayina ba kwana-kwana, hannuna ba zai hau wannan takarda ba, kafin a buɗe kuskure ne amma bayan an buɗe an gani algus ne, kuma hadisin yana nan cikin Muslim cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ban da haka ma takardar ƙarya ba ta tsayawa a hannun mai saye ɗaya, gobe ta shiga wani baje koli ko wani ya ɗauki hotonta ya yaɗa, a wayi gari ana nuna wuƙar 1942 a matsayin kayan hijirar 1903, wani mai ido ya gano, sai a fara shakkar sauran kayan gaske da ke hannun zuriyar muhajirai, takubba da alluna da littattafai, alhali mutanen nan sun riga sun sha wahalar a yarda da tarihinsu a ƙasar da aka haifi kakanninsu.

Bai amsa min a ranar ba, ya tafi ransa a ɓace, kuma buƙatar da ta kawo shi tana nan ba ta gushe ba, wannan ne ya fi damuna a lamarin duka. Abin da ya yiwu shi ne 'yan unguwa da ke zaman shayi bayan isha'i suka ji halin da ake ciki aka yi karo-karo, bai kai abin da dillali ya ambata ba amma ya rufe hayar wata biyu. Wuƙar ba a sayar ba. Ƙanen ke riƙe da ita, babban da kansa yace a bar masa tunda shi bai san uban ba.

Na rubuta musu takarda da Hausa da Larabci, tsawonta da siffarta, abin da ke rubuce a gindin ruwa da jikin mabuɗi, cewa lamba ta huɗu ta fi kama da 2, da abin da Goggo ta faɗa da ranar da ta faɗa, nace su adana saƙon muryar a waya fiye da ɗaya su kuma tura wa 'yan uwa. Na hana a ƙara wasa ta, na hana a buɗe ruwa da mabuɗi lokaci guda don kada a ƙara gajiyar da sifirin, ɗigon man keke a gaɓa lokaci-lokaci a goge ragowar, kada a rufe ta cikin leda ko gwangwani don robar tana buƙatar iska kuma danshin Jidda ba ya raga wa baƙin ƙarfe, kada a bar ta a mota cikin rana. In za a yi tafiya da ita ta jirgin sama a sa ta cikin kayan awo, in ba haka ba a filin jirgi za a karɓe ta.

A saƙonta na ƙarshe Goggo tace in kayan Malam Babba suke nema to akwai allonsa da wata wuƙar damtse mai kuben fata ƙirar gida, suna cikin adakar da aka bari a Mai Wurno ranar gudu, a ɗakin da ke kusa da rumbu. Sun yi magana da wani ɗan'uwansu da ya koma garin ya je ya duba ko adakar tana nan, na ce in ya same ta ya ɗauki hoto ta kowane gefe da rana, da ma'auni a kusa, kada ya goge komai.